Mai Ciwon Ƙofar Zuciya, A Duba Miki Har Jijiyoyin

Wannan bayani na musamman ne ga wadda likita ya taɓa ɗora wa abin saurare a ƙirji ya ce yana jin wata ƙara a zuciyarta, ko wadda aka riga aka gaya wa cewa ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyarta ta tsuke ko tana yoyo. Roƙona gare ki shi ne, idan an rubuta miki hoton zuciya, wanda ake kira eko, ki yi shi da wuri. Kuma kada ranki ya ɓaci idan likita ya ce ki dawo a ƙara duba manyan jijiyoyin da ke shigar da jini cikin zuciyar. Mutane da yawa na ɗaukar wannan ƙarin bincike a matsayin hanyar cin kuɗinsu. Ni dai ban ga haka ba, kuma zan faɗi dalilina.

Zuciya ɗakuna 4 gare ta, biyu a dama biyu a hagu, da ƙofofi 4 masu buɗewa jini ya wuce su rufe kada ya koma baya, kamar bawul ɗin injin ban ruwa. Jinin da ya gama aikinsa a jiki yana dawowa ne ta manyan jijiyoyi biyu. Ɗaya tana saukowa daga sama da jinin kai da wuya da hannuwa, ɗayar tana hawowa daga ƙasa da jinin ƙafafu da ciki da mahaifa. Duka biyun a ɗakin sama na dama suke zuba. Daga nan jini ya tafi huhu ya ɗauki iska, sannan ya dawo ta wasu jijiyoyi 4 zuwa ɗakin sama na hagu, ya ratsa ƙofar da likitoci ke kira mitiral, zuciya ta tura shi ko'ina cikin jiki, har da mabiyiya inda jaririnki ke samun rabonsa.

A ƙasashenmu, abin da ya fi ɓata waɗannan ƙofofi shi ne ciwon maƙogwaron da aka yi tun ana yara, galibi tsakanin shekara 5 zuwa 15, wanda ba a sha masa maganin da ya dace ba. Garkuwar jiki, garin yaƙar ƙwayar cutar, sai ta afka wa gaɓɓai da zuciya. Wannan shi ne zazzaɓin rumatik. Yarinya ta yi ciwon gwiwa da zazzaɓi ta warke, kowa ya manta, ƙofar zuciya kuwa tana ta ƙanƙancewa a hankali shekara da shekaru. Wani babban bincike mai suna REMEDY da aka buga a 2015, wanda ya ƙunshi masu wannan ciwo 3,343 daga ƙasashen Afirka 12 har da Najeriya, da Indiya da Yemen, ya nuna kashi biyu cikin uku mata ne, kuma rabinsu ba su haura shekara 28 ba. Wato dai matan da ke zaune a bencin awo.

Me ya sa sai da ciki ciwon ke fitowa fili? Saboda jinin mai juna biyu yana ƙaruwa da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100, bugun zuciyarta ma ya ƙaru. Faɗin lafiyayyar ƙofar mitiral murabba'in santimita 4 zuwa 6 ne. Idan ta tsuke ta koma ƙasa da 1.5, jinin da ya ƙaru ba ya samun wucewa yadda ya kamata, sai ya taru a baya ya cika huhu. Daga nan haki, tari da dare, kasa kwanciya sai da matashin kai biyu ko uku, wani lokaci har tofar da jini. Yawanci abin yakan tsananta daga wata na biyar zuwa na bakwai.

To ina maganar jijiyoyi ta shigo? Ciwon ƙofa samun sa ake yi daga baya, amma akwai mutanen da tun a cikin mahaifiyarsu jijiyoyinsu suka bi wata hanya daban da wadda na bayyana a sama. Da yawansu har su tsufa ba su sani ba, don ba ta damunsu da komai. Sai ranar da wani ciwo ya kawo su asibiti, kamar ciwon ƙofa, sannan sanin hanyar ya zama dole.

Wadda aka fi samu ita ce ƙarin babbar jijiyar sama a ɓangaren hagu. Kowane ɗan tayi da jijiyoyin sama biyu yake farawa, ta dama da ta hagu. Kafin cikin ya yi nisa ta hagun takan shafe, jininta ya tsallaka ya haɗu da na dama. A wajen mutum 3 zuwa 5 cikin 1,000 ba ta shafewa. A cikin waɗanda aka haifa da wata matsalar zuciya kuwa adadin ya fi haka nesa, har yakan kai kusan 1 cikin 10. A mafi yawan masu ita, kusan 9 cikin 10, tana zuba jininta ne a wata gajeriyar magudana da ke kwance a bayan zuciya, wadda asalin aikinta tattara jinin da tsokar zuciyar kanta ta yi amfani da shi. Magudanar ta kai shi ɗakin dama, inda dama can ya kamata ya je. Hanya ce kawai ta bambanta, masauki ɗaya. Amma a sauran 'yan ƙalilan, jijiyar ɗakin hagu take zuba kai tsaye, ba tare da jinin ya bi ta huhu ba. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa, don shi ne ya fi shafar aikinmu na ɗakin haihuwa.

Ta biyu ta shafi jijiyoyin huhu. Maimakon duka huɗun su zuba a hagu, sai ɗaya ko biyu, galibi ta saman huhun dama, ta karkata ta zuba a dama. Jinin da ya riga ya ɗauki iska sai ya sake komawa huhu, ya yi ta zagaye, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta ɗaukar kayan da ba nasa ba har ya buɗe ya yi girma. Sau da yawa tana zuwa tare da wata 'yar ɓula a bangon da ya raba ɗakunan sama biyu. Ta uku, wadda ba a cika gani ba, ita ce babbar jijiyar ƙasa ta katse kafin ta kai hanta, jinin ƙafafu da ciki ya bi wata jijiya ta gefen ƙashin baya ya hau ya shiga zuciya ta sama.

A nan ne wahalar take, kuma a nan ne nake so iyali su yi wa likita uzuri. Alamun da waɗannan jijiyoyi ke bari a hoton eko iri ɗaya ne da waɗanda ciwon ƙofa ke bari. Mai ƙarin jijiyar hagu, magudanar bayan zuciyarta takan yi faɗi saboda yawan jinin da ke bi ta cikinta. Amma mai ciwon ƙofar da ya yi nisa ita ma magudanarta takan yi faɗi, saboda jini ya taru a ɓangaren dama. Mai karkatacciyar jijiyar huhu ɓangaren damanta ya girma, mai tsukakkiyar ƙofar mitiral ita ma haka. Saboda haka idan mace ta zo da ciwon ƙofa a bayyane, abu ne mai sauƙi a ɗora komai a kan ƙofar a rufe takarda. Likitan da ya tsaya ya ce, ƙofar nan ba ta tsuke sosai ba, me ya sa ɓangaren dama ya yi girma haka, to wannan likitan alheri yake nufinki da shi. Shi ne zai ce ki dawo.

Eko ba shi da bambanci da sikanin ciki da kika saba. Sauti ne yake amfani da shi, ba hasken hoton ƙashi ba, ba ya taɓa lafiyar jariri ko a wane wata. Za ki kwanta ta gefen hagu, a shafa miki mai a ƙirji, a yi ta zagayawa da kan na'urar. Don neman jijiyoyi, mai dubawa zai ɗora na'urar a ramin wuya da kuma ƙasan ƙirji, ba a kan zuciya kaɗai ba. Idan kina son mace ta duba ki, ko a bar wata 'yar'uwarki ta tsaya a ɗakin, ki faɗa tun kafin a fara, haƙƙinki ne.

Idan an ga magudanar nan ta yi faɗi, akwai wani ɗan gwaji mai sauƙi da likita zai iya yi in ya ga ya dace da halin da kike ciki. Ana kaɗa ruwan gishirin asibiti, irin na ƙarin ruwa, tsakanin sirinji biyu har ya yi ƙananan kumfa, a tura shi ta jijiyar hannun hagu ana kallon allon na'ura. Idan kumfan ya fara bayyana a magudanar bayan zuciya kafin ya shiga ɗakin dama, an tabbatar akwai ƙarin jijiya. Idan kuwa ɗakin hagu ya bayyana nan take, to irin ta 'yan ƙalilan ɗin nan ce. Sannan a maimaita ta hannun dama don a gwada. Shi ya sa ake huda hannu biyu. Na sha jin mata na ƙorafi cewa an soke su sau biyu don ba a iya aiki ba. Ba haka ba ne, gwajin ne ya gāji haka.

Jijiyoyin huhu sun fi wuyar gani, don suna can baya, eko na kan ƙirji yakan kasa kama su duka. Akwai wani eko da ake zura siririn kansa ta maƙogwaro ya tsaya a bayan zuciya, akwai kuma manyan na'urorin hoto biyu, siti sikan da em-ar-ai. Siti sikan da hasken hoton ƙashi yake aiki, don haka ba a yi wa mai ciki sai in babu makawa. Em-ar-ai babu wannan haske, ana iya yin sa da ciki ba tare da allurar rinin da ake haɗawa da shi ba. Sau da yawa likita zai ce a jira sai kin haihu, ya rubuta zatonsa a takarda ya ci gaba da kula da ke a kan haka. Wannan ma daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne a haihu a yi suna, kowa ya watse, ba a koma ba.

Yanzu ga amfanin sanin. Mai ciwon zuciya idan ta shiga naƙuda, abu na farko da muke yi shi ne sa mata allurar ƙarin ruwa a hannu. Mu unguwarzoma hannun hagu muka fi kamawa, don a bar mata na dama ta ci abinci ta rungumi jariri. A wajen kowa, ɗan kumfan iska da ya kuɓuce cikin robar ƙarin ruwa huhu ne ke tace shi, ba ya yin komai. Amma wadda jijiyar hagunta ke zuba a ɗakin hagu ba ta da wannan matacin a wannan hannun. Kumfa ko ɗan gudan jini na iya wucewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Abu ne da ba a cika samu ba, ba na so in tsorata ki. Amma maganinsa layi ɗaya ne a katin awo: a sa ruwa a hannun dama. Irin wannan mace kuma ɗan abin da muke maƙala mata a yatsa don auna iskar jini yakan nuna ƙasa da na sauran mutane ko tana lafiya ƙalau. In mun sani, ba za mu ruɗe ba, kuma za mu gane lokacin da ya sauka da gaske.

Haka nan idan jiki ya rikice aka kai mace sashen kulawa ta musamman, akan zura mata doguwar siririyar roba ta jijiyar wuya zuwa kusa da zuciya. In ta hagu aka zura ga mai ƙarin jijiya, robar ba za ta tsallaka dama ba, za ta gangara ta shiga magudanar bayan zuciya, inda za ta iya hargitsa bugun zuciyar. Masu sa batirin zuciya ma wannan matsala suke fuskanta da wayarsu.

Sai maganar gyaran ƙofar. Tsukakkiyar ƙofar mitiral ana iya buɗe ta ba tare da an tsaga ƙirji ba, da wata balan-balan da wani likitan Japan, Kanji Inoue, ya ƙirƙira ya kuma bayyana wa duniya a 1984. Ana iya yi wa mai ciki idan magani ya kasa, an fi so bayan mako na 20. Ta jijiyar matsematsi ake shigar da ita, ta bi babbar jijiyar ƙasa ta hau zuwa zuciya. To wadda jijiyarta ta katse fa? Gara a sani tun ana shiri da a gano ana tsakiyar aiki. Likitan fiɗa mai canza ƙofa shi ma dole ya san kowace jijiya da ke shiga zuciya kafin ya jona injin da ke riƙe aikinta lokacin tiyata, kuma in akwai karkatacciyar jijiyar huhu, ya yanke shawara ko zai gyara ta a aiki guda. Ba ko'ina ake waɗannan ayyuka ba, iyali kan yi tafiya mai nisa su kashe dukiya mai yawa. Abin takaici ne a je can sannan a ce binciken gida bai cika ba.

Malam maigida, nan da kai nake. Na san halin da ake ciki, kuma na san kuɗin hoto ba ƙaramin abu ba ne ga mai nema yau ya ci yau. Amma ka auna shi da ragon suna da kayan barka da ka fara tanadi tun ciki na wata huɗu. Idan matarka ta ce numfashinta na ɗaukewa, ba raki ba ne, ba kuma ƙiwar aiki ba. Haki kaɗan da kumburin ƙafa da yamma kusan kowace mai ciki na yi. Wanda ba na ciki ba shi ne ta kasa kwanciya a miƙe, ta farka cikin dare tana neman iska, zuciyarta ta riƙa bugawa ba tsari, ta suma, leɓɓanta su yi duhu, ko ta yi tari da jini ko kumfa. Wannan ba a jiran ranar awo, ko tsakar dare ne a kawo ta. Kuma ka shigo ɗakin likita tare da ita ranar karɓar sakamako. Mata da yawa kunya ke hana su tambaya, su fito su ce mana an ce ba komai, alhali takardar ta ce da komai.

Ke kuma Hajiya, uwar miji ko uwar mai ciki, jijiyar da aka haifi mutum da ita ba maita ba ce, ba iska ba, ba kuma wani abin da uwarta ta ci ko ta aikata ba. Ba ta yaɗuwa, kuma ita kaɗai ba ta hana aure ko haihuwa. Babu jiƙo ko turaren da ke mayar da ita, kuma mafi yawanci ba a ma buƙatar taɓa ta. Idan an same ta, likita na iya cewa a duba zuciyar jaririn tun yana ciki, wajen mako na 18 zuwa 22, ko bayan an haife shi, domin 'ya'yan matan da aka haifa da matsalar zuciya sun ɗan fi sauran yara haɗarin zuwa da irinta.

Wani zai ce, abin da ake samu a mutum 5 cikin 1,000, har ya kai a cika shafi da shi, ga hawan jini da jijjiga da zubar jini suna ɗaukar mata kullum? Gaskiya ne waɗannan sun fi yawa, kuma ban ce kowace mai ciki ta je neman jijiya ba. Maganata a kan wadda dama za a yi wa eko ce saboda ƙofarta. Tana kwance, na'ura na kunne, kuɗi an riga an biya. Ƙarin 'yan mintoci ne a duba wuya da ƙasan ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagoran da ta fitar a 2024 kan ciwon zuciya na rumatik, ta amince da ƙaramar na'urar eko ta hannu inda babu babba, kuma hakan ci gaba ne ga ƙananan asibitoci. Sai dai aikin ƙaramar shi ne gano mai ciwo. Wadda aka gano a turo ta a yi mata cikakke. Saboda haka idan kin karɓi sakamako, ki tambayi likita kai tsaye: an ga jijiyoyina suna shiga inda ya kamata? Ki yi wa takardar kwafi biyu, ɗaya a maƙale da katin awo, ɗaya a jakar kayan haihuwa. Wadda za ta karɓe ki cikin dare ba lallai ta taɓa ganinki ba.

Game da magunguna, allurar fenisilin da ake yi duk mako 3 ko 4 don kare ƙofa ba a dakatar da ita saboda ciki. Maganin tsinka jini na warfarin kuwa yana iya cutar da ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12, irin su lisinopril da enalapril ma ba a shan su da ciki. Amma kada ki daina komai da kanki, musamman mai ƙofar ƙarfe, don gudan jini na iya toshe ta. Da kin ga batan wata ki zo, ki zo da kwalayen.

A asibiti za ki haihu, wannan ba abin ja-in-ja ba ne. Yawancin masu ciwon ƙofa da kansu suke haihuwa, mu dai mukan taimaka a rage tsawon yunƙuri, kuma akwai allurar tsayar da jini da ba mu yi musu, wato egometirin. Kwana biyu zuwa uku na farko bayan haihuwa su ne mafi haɗari, domin jinin da ke mahaifa yana komawa jiki gaba ɗaya ya tunkari ƙofar nan. Kada a matsa a sallame ki don baƙi na jira a gida. Kunun kanwa kuma a haƙura da shi. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, abin da muke ba ki magani don a fitar. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ja hankali kan yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a wannan yanki, da abin da kanwa da zafin wankan jego ke ƙara wa zuciya na nauyi. A yi miki wanka da ruwa mai ɗumi kawai.

Kafin ki bar asibiti a tsayar da maganar tazarar haihuwa, maigida na wurin. A binciken nan na 2015, cikin matan da ke shekarun haihuwa, ba su kai 4 cikin 100 ba masu amfani da wata hanyar tazara. Ba kowace hanya ce ta dace da ke ba. Ƙwayoyin sha masu haɗin sinadari biyu na ƙara haɗarin gudan jini, amma na sakawa a hannu da ake kira ashana, ko robar mahaifa, sukan dace da mafi yawa. Wannan hutun shi ne lokacin da za a yi hoton da aka ɗage saboda ciki, a gyara ƙofar in da hali, kafin a sake ɗaukar wani. Ki nemi a rubuta miki ranar komawa asibitin zuciya a bayan katin rigakafin jariri, tunda shi ba ya barin jakarki.

Allah ya sauke ku lafiya.